Kawu a gidan Soubise

Asabar. Likita ya ce Kawu ya riƙa ɗan takawa, ni kuma na gaji da zagayen unguwarmu, sai na ja shi unguwar Marais ta birnin Paris, gidan Soubise da ke titin Francs-Bourgeois. Tun 1808 Napoleon ya mai da shi ma'ajiyar takardun tarihin Faransa, amma gidan sarauta ne, kuma yana nan da kwarjininsa.

Magini dai magini ne. Muna shiga farfajiyar, ina nuna masa ginshiƙan da suka jeru bibbiyu hagu da dama, shi kuwa ƙasa yake kallo, yana auna faɗin filin da taku. Ya ce wanda ya zana wannan ya san keken doki na buƙatar wurin juyawa. Delamair ke nan, wajen 1705. Da muka zaga titin Archives ya ga tsohuwar ƙofar Clisson mai hasumiya biyu, ta ƙarni na 14, sai ya tsaya yana shafa dutsen. Wai gida ya sami sabuwar fuska ya bar ƙofarsa ta asali a gefe kamar uwargidan da aka yi wa amarya.

Abin da ya tsaya mini a rai a sama ya faru. Ɗakunan yarima suna ƙasa, na gimbiya a bene. Muka shiga falonta mai siffar ƙwai wanda Boffrand ya ƙawata: fari da ruwan zinariya, madubai, rufi shuɗi, ba ka gane inda bango ya ƙare rufi ya fara. Na ce, “Kawu, ka ga aiki?”

“Wa aka yi wa?”

Na ce amarya. A 1732 yariman, Hercule-Mériadec de Rohan, ya haura sittin, ya auri Marie-Sophie de Courcillon mai shekara 19, ita ma mijinta na fari ya rasu. Ya tambayi hotunan da ke saman bango. Na ce Natoire ne ya zana su, guda 8, tatsuniyar Psyché ce, yarinyar da aka aurar ga mijin da aka hana ta ganin fuskarsa.

Kawu ya yi dariya har mai gadi ya waigo. “To, ɗiyata, tsohon nan ba wawa ba ne. Ya cika mata ɗaki da abin kallo don kada ta kalle shi.”

Na yi dariya ni ma, amma a metro ta koma ciki. Domin shi ɗin ne dai jiya da dare yake gaya wa Inna a waya cewa Alhajin da ke neman Auta ya gama mata sashe guda, har da tayil da na'urar sanyaya ɗaki, me kuma yarinya take so. Bakin nan guda. Na buɗe nawa zan yi magana, ya riga ya fara gyangyaɗi, sandarsa tsakanin gwiwoyi, kuma ba a gaban Turawa zan tsare ƙanin uwata ba.

Tuwon semo da miyar kuɓewa busasshiya. Gishiri ya yi yawa, bai ce komai ba.

Auta ta turo saƙon murya sau biyu. Ban saurara ba tukuna. Litinin asibiti ƙarfe 9, kada in manta takardar gwajin jini.