Wai mu 'yan tsalle-tsalle ne

Jiya a ɗaurin aure a Tudun Wada wani baffana ya tambaye ni me nake karantawa a ABU, na ce masa ilimin motsa jiki da wasanni, sai ya ce "to ɗana, har ƙwallo ma sai an je jami'a?" Dariya kawai na yi wallahi, don mun saba, ko a Samaru ma PHE ake ce mana, wato darasin wasanni da kiwon lafiya, kamar wasu 'yan firamare.

Amma da zai leƙo ajinmu rana ɗaya da ya sha mamaki. Ƙasusuwa 206 na jikin babban mutum sai ka san su da gaɓoɓin da ke haɗa su, ga tsoka sama da 600, wacce ke ja in ka lanƙwasa gwiwa, wacce ke saki, me ya sa ɗan ƙwallo ke yaga jijiyar gwiwa in ya juya da sauri ƙafa na kafe a ƙasa. Ga lissafin bugun zuciya, 220 a cire shekarunka, kusan iyakar bugun da ake ƙiyastawa a minti ɗaya ke nan. Kana fitowa daga lakca kuma a ce maza fili, ko hunturu ne.

Aiki fa akwai, koyarwa, koci, alƙalin wasa, wuraren motsa jiki a Kaduna da Abuja. Fisiyo dai, wato masu gashin ƙashi a asibiti, kwas ɗinsu daban, kada a ruɗe ku. Ni masu hawan jini da ciwon suga nake so in riƙa tsara wa atisaye tare da likitocinsu, in sha Allah, kuma baffa ne kwastoma na farko, shi da ke hawa babur ko masallacin layinsu zai je.