Ƙaramar jif a hannun mai ba da hayar mota

Sana'ata ba da hayar mota ce tare da direba, a nan Kano. Kamfanin ƙarami ne: ofis ɗaya, fili mai rumfar kwano, direbobi kaɗan, da bakanike ɗaya da muka daɗe tare. Masu zuwa wurinmu kashi-kashi ne. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da noma a ƙauyukan Jigawa da Katsina, akwai 'yan kasuwar da ke sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano suna son mota ta kwana biyu ko uku, sai kuma 'yan biki masu kai amarya wani gari. Yawancin motocin da ke ɗauke da wannan aiki ƙananan jif ne, Toyota RAV4 da Honda CR-V, kuma dukkansu na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka.

Dalilin da ya sa na tsaya a kansu lissafi ne. Corolla ta fi su sauƙin mai, amma ƙasa take, da an bar kwalta cikinta ya fara dukan ƙasa. Hilux da Prado babu inda ba za su shiga ba, sai dai kuɗin sayensu da na mansu ya fi ƙarfin yawancin masu hayarmu. Ƙaramar jif ta zauna a tsakiya. Tana ɗaukar mutum huɗu da direba da jakunkunansu, tana hawa hanyar burji, dattijo yana shiga ya fita ba tare da gwiwa ta dame shi ba, kuma tankin RAV4 na lita 60 yana kai mu Abuja daga Kano da saura.

Amma akwai abin da nake maimaita wa kowane mai haya da kowane sabon direba. Wannan mota ba a gina ta don daji ba. Hilux bodinta zaune yake a kan firam na ƙarfe mai kauri, ita kuwa RAV4 da CR-V bodi da firam abu ɗaya ne, kamar na ƙaramar mota, an dai ɗaga ta sama an faɗaɗa bayanta. Tun da Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, haka ƙirarsu take. Ko wadda ke ja da taya huɗu, da tayoyin gaba take tafiya a yawancin lokaci, sai sun fara sulɓi take tura ƙarfi baya, kuma ba ta da ƙaramar giyar nan ta fita daga yashi da laka. Cikin watan Agusta wani ya taɓa neman mota zuwa wani ƙauye a bayan Haɗeja, inda ruwa ke kwanciya a fadama. Na ce ba zan bayar ba. Ya ce, "Haba Alhaji, ai jif ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, za ta kai ka har inda burji ya ƙare. Daga nan sai Hilux, bari in haɗa ka da mai ita." Na rasa kuɗin wannan rana, kuma ban yi da-na-sani ba, domin in ruwa ya shiga inji ta bututun iska, ribar watanni ce za ta tafi.

Aikin da ya fi cin hankalina a sana'ar nan shi ne saye. Motocin da ke zuwa mana da yawansu daga kasuwannin gwanjo na Amurka suke, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Ana sauke su a tashar Tin Can ta Legas, a gyara, a fesa fenti, a hauro da su Arewa suna sheƙi. Wadda ta yi ɗan karo a bamba ba abin gudu ba ce. Wadda ruwa ya shanye kuwa ko kyauta aka ba ni ba na so, saboda ciwonta a wayoyi yake, kuma ba ya fitowa rana ɗaya: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama a dashbod, jibi giya ta rikice.

Shi ya sa nake zuwa duba mota da sassafe, kafin a tayar da ita. Ina fara sa hannu a kan inji. In na ji ɗumi, na san an riga ni, sai in ce zan dawo gobe, domin inji mai sanyi shi ke faɗin gaskiya, ƙarar da yake yi a daƙiƙun farko da launin hayaƙin da ke fita ta salansa. Daga nan in tura kujerar direba baya can, in durƙusa in haska ƙusoshin da suka riƙe ta da fitilar waya. Waɗannan ƙusoshi ba su da dalilin yin tsatsa sai in ruwa ya kwanta a cikin motar. In ɗaga gefen kafet in shafa sosonta na ƙasa, in janyo bel har ƙarshensa in duba ko akwai layin da ruwa ya bari, in buɗe mazaunin safaya in shinshina. Mai wanki yana iya wanke ko'ina, amma busasshiyar laka mai laushi tana maƙalewa a lungun da hannunsa bai kai ba. In na ji an cika motar da turare, bincikena ƙaruwa yake.

Bayan haka sai rami. Ba na biyan kuɗin motar da ban shiga ƙarƙashinta ba. Jihohin arewacin Amurka da Kanada suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe daga ƙasa, sama kuwa fenti lafiya lau. A 2023 Honda da kanta ta yi kiran a kawo mata CR-V na 2007 zuwa 2011 da ke waɗannan jihohi na Amurka domin gyara, saboda tsatsa a firam na baya, inda hannun taya ke kamawa. Motar da ta riga ta baro can kafin kiran, babu wanda ya duba ta, don haka bakanikenmu yakan ɗauki guduma ƙarama ya ƙwanƙwasa wurin ya saurara. A ramin ne kuma muke ganin sabon walda, da yoyon man giya, da shokozoba mai jiƙe, da ko an yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi, an sayar. Lambar VIN mai harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, ina gwada ta da ta jikin ƙofa da ta takardun kwastam, sannan in sa a bincika tarihinta a intanet. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo suna nan, da adadin tafiyarta a lokacin. Mil ne Amurka ke ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka mai nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000, in ma ba a mayar da agogon baya ba.

Shekarar mota ma tana da magana. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 an san ta da shan baƙin mai, har Toyota ta tsawaita garantin gyaran a Amurka. Daga 2009 aka koma inji 2.5, kuma shi na fi nema. Akwai mai inji V6 3.5, wato mai silinda shida, a wannan zubi, tana da ƙarfi ƙwarai, matasa na sonta, amma ba ta dace da lissafin haya ba. Zubin 2013 ya zo da giya shida, ya fi laushi a doguwar hanya, an cire safaya daga ƙofar baya, ƙofar kuma ta koma buɗewa sama. Sai dai an sauke shi ƙasa: tsohuwar tana da tazarar kusan santimita 19 tsakanin cikinta da ƙasa, sabuwar kusan 16. Santimita uku ba komai ba ne a titin Zariya, amma a hanyar da mota mai ɗaukar yashi ta haƙa rami biyu ta bar tudu a tsakiya, su ne bambancin wucewa da fasa tukunyar mai. Don haka tsofaffin nake turawa ƙauye, sababbin kuma filin jirgi da Abuja. CR-V ta fi daɗin zama a baya, mata da dattawa sun fi yabonta, amma daga 2015 giyarta ta koma CVT, wato giyar otomatik mai aiki da bel ɗin ƙarfe, kuma masu gyaran irinta da kyau ba su da yawa a wajen manyan garuruwa. Hyundai Tucson da Kia Sportage sun fi araha wurin saye. Abin da ya hana ni tara su shi ne kayan gyara: abin RAV4 in ya lalace da safe, kafin azahar an samo shi a Ƙofar Ruwa.

Kula da su ba wani sirri ba ne, sai dai akwai wuraren da ba na sassautawa. Ba a cire mini tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, ba a haɗa mini fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, ko da an ce zafin Kano ya wuce digiri 40 a watan Afrilu. Injin an yi shi ne ya yi aiki a wani mizanin zafi, in ya kasa kaiwa sai ya ƙara shan mai. Ruwan lagireto na gaske muke zubawa, ba na rijiya ba. Baƙin mai wanda aka rubuta a murfin inji, ba mai kaurin da ake ɗura wa tsofaffin motocin haya ba. Man giya kuwa kowace da nata, Toyota WS, Honda wadda ba CVT ba DW-1, ba a gauraya. Mai jan taya huɗu tayoyinta dole su zama iri ɗaya da cin da ya yi daidai, in ba haka ba kayan ja na baya ne za su biya. Lokacin hunturu ana kakkaɓe matacin iska kusan bayan kowace doguwar tafiya, har da ƙaramin nan na bayan akwatin dashbod da mutane da yawa ba su san da shi ba, wanda in ya toshe sai a ce AC ta mutu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya canza gaba ɗaya. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, faɗuwar naira kuma ta ɗaga kuɗin mota da na kayan gyara tare. Da muna ba da haya da mai a ciki, yanzu kuɗin mota daban, mai haya ya zuba mansa, a ba shi tanki cike ya dawo da shi cike. Kowace mota tana da littafinta: ranar fita, agogon tafiya, litar da aka sha, abin da aka gyara. A littattafan nan mai silinda huɗu lafiyayya tana ba mu kilomita 10 zuwa 12 a lita a babbar hanya, cikin gari da AC ta sauko 7 ko 8. Duk wadda ta fara sauka ƙasa da abin da ta saba, to ko fulogi ne, ko iskar taya, ko ƙafar direba, kuma a makon za mu gano wanne ne. Batun mayar da su gas na CNG na duba shi, amma tukunyar tana cinye but, kuma but ɗin ne rabin abin da mai haya ke biya.

Direba shi ne sauran rabin. Wanda ke rage gudu kafin rami ba a cikinsa ba, wanda ke sauka ya taka hanya da ƙafa kafin ya shiga ruwa, wanda zai kira ni ya ce, "Maigida, na ji wata ƙara a ƙafar baya," tun tana ƙarama, motarsa tana fin ta wani daɗewa da shekaru. Irin wannan direba ina ƙara masa a albashi ba sai ya tambaya ba.

Sayarwa kuma littafin ne ke yanke ta. In kwanakin da mota ke yi a gareji suka fara cin kwanakin aikinta, ko kuɗin gyaranta na wata uku a jere ya kusa abin da ta shigo da shi, sai in sa ta a kasuwa tun giya da inji suna da lafiya. RAV4 ba ta kwana a hannu, malaman makaranta da ma'aikata masu iyali suna nemanta, CR-V takan ɗan jima kafin ta samu mai saye. Wanda ya zo saye ina ba shi littafin ya karanta, in ce ya zo da bakanikensa da sassafe, ramin garejinmu kuma a buɗe yake.