Talata, ranar ƙwayar Mma

Yau Talata, tun kafin ladanan Aboabo su fara kiran farko na cika wa Mma kofi da ruwa na ajiye kusa da dardumarta. Sau ɗaya a mako take shan alandironet, maganin zaizayar ƙashi, miligiram 70, tun bayan da ta zame a bakin famfo bara wuyan hannunta ya karye, faɗuwar da ko yaro ba zai yi mata kuka ba. Likita ya ce ƙashin ne ya zaizaye daga ciki. Tsarinmu shi ne sai ta idar da Asuba, babu sauran sujada a gabanta, sannan ta haɗiyi ƙwayar da cikakken kofin ruwa, ta hau kujera da carbinta ta shiga lazimi. Minti 30 ba kwanciya, ba sunkuyo, don in ƙwayar ta maƙale ko ta taso daga ciki tana ƙona hanyar abinci.

Ana cikin haka sai ga Goggo da kwanon fura da nono, har da kankara a ciki. Na tare ta a ƙofa.

"Ke 'yar nan, wane irin likita ne zai hana mai ciwon ƙashi nono?"

"Goggo, ba hana ta aka yi ba. Ki ɗan zauna, sai ta shafa."

Ta zauna tana ƙunƙuni wai boko ya ɓata mu. Gaskiyarta ta wani gefen, nono abincin ƙashi ne. Amma abin da ya sa maganin nan yake aiki shi ne kuma ya sa ba ya shiri da nono a ciki ɗaya. Ni da nake koyar da kimiyyar sinadarai, abin yana burge ni kullum. Ƙirarsa hannu biyu ne na fosfaros da kabon ya haɗa a tsakiya, kuma duk inda hannuwan nan suka ga kalsiyam sai sun damƙe shi. Ko a cikin da babu komai, abin da ke shiga jini bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙwayar ba. In ya tarar da nono ko madarar shayi, nan zai rungumi kalsiyam ɗinsu, su fice tare ta bayan gida, an yi asarar kuɗi da mako guda. Ɗan abin da ya tsira kuwa, kusan rabinsa ƙoda ke fitarwa ta fitsari, sauran ya manne a jikin ƙashi, wanda shi ma ginshiƙinsa kalsiyam ne da fosfaros.

A makaranta na ɗauke wa 'yan aji uku mintuna na ba su labarin, duk da ba ya cikin manhaja. Na ce musu ƙashi gida ne da ma'aikata ba sa barinsa: masu rusau suna ɓamɓare tsohon yaɓe, magina na binsu da sabo, har a sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babba a shekara. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, sinadarin estirojin ya yi ƙasa, masu rusau sai su yi wa magina fintinkau. Maganin ya fi taruwa a daidai wuraren da ake ɓamɓara. Ƙwayar halitta mai rusau takan manne wa ƙashi ta zuba masa asid, asid ɗin ya saki maganin, ta haɗiye shi tare da abin da ta narkar. A cikinta yake toshe wani sinadarin aiki da take dogaro da shi wajen riƙe ƙashi da gatsarsa. Daga nan ta sanyaya, wata ma ta mutu. Wani yaro ya ce, "Madam, ke nan maganin ba ya gina komai?" Na ji daɗin tambayar. Ba ya ginawa, rusau kawai yake rage wa gudu har magina su cike ramukan.

Abin da ya ba su dariya shi ne asalin dangin maganin. Masana'antu ne suka fara amfani da su don hana farin dutse taruwa a bututun ruwa. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Herbert Fleisch da abokan aikinsa a Suwizalan suka nuna suna hana ƙashi narkewa, kuma alandironet bai samu izini a Amurka ba sai 1995.

Da la'asar na bi tirotiro zuwa kasuwar Kejetia. Cunkoso ba a magana. Na sayo ƙananan busassun kifi, waɗanda ake ci har ƙaya, da kontomire, wato ganyen gwaza, da wagashi, tunda maganin ba zai yi wa magina komai ba in babu kalsiyam da bitamin D a jiki.

Bayan Magariba Yaya ya kira daga Nima, wai Mma ta ce masa ita ba ta jin wani sauyi, ko a bar shan? Na ce, "Yaya, don Allah kada ka ba ta wannan ƙofar." Ba maganin ciwo ba ne balle a ji shi, karaya ta gaba ake gudu, musamman ta ƙugu da ta gadon baya. Kuma yana daɗewa a ƙashi shekaru, shi ya sa bayan kamar shekara 5 likitoci kan duba ko a ba mutum hutu. Wannan hukuncinsu ne, ba namu ba. Ya kawo zancen ƙarin ruwan zoledironet, ɗan'uwan wannan maganin, da ake yi sau ɗaya a shekara, na ce za mu tambaya in mun koma asibitin Komfo Anokye, don sai an duba ƙoda tukuna.

Mma kuma ta fara kukan turminta na hagu. Kafin kowa ya taɓa haƙorin nan dole a gaya wa mai cirewa abin da take sha, saboda jefi-jefi muƙamuƙi kan ƙi warkewa bayan cire haƙori. Na rubuta sunan maganin a takarda na sa a jakarta, na kuma roƙi Goggo kada ta kai ta wurin wanzami a bayan idona.