Imel ɗaya, 'ya'ya biyar

Shekarar da na fara karɓar aikin manhaja, wata makarantar Islamiyya a Pantami, nan Gombe, ta ba ni aikin shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon jarrabawa. Na yi yadda na ga ana yi: kowane ɗalibi da asusunsa, kowane asusu da imel ɗinsa, rumbun bayanai kuma, wato ma'ajiyar da manhaja ke adana komai a ciki, ba ya karɓar imel guda sau biyu. Har ma na mai da imel ɗin ya zama shi ne lambar da ake gane ɗalibi da ita a ko'ina.

Ranar farko wani dattijo ya zo da 'ya'ya biyar. Imel ɗaya gare shi, shi ma wani ne ya buɗe masa ranar da ya sayi waya. Na fari ya shiga, na biyu manhaja ta ƙi. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗan shekara bakwai ma sai na buɗe masa imel ke nan?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, zan gyara."

Gyaran da na yi a daren nan shi ne cire dokar hana maimaita imel gaba ɗaya. Garin neman gira na rasa ido. Duk wanda ya latsa "na manta kalmar sirri", sai manhaja ta ɗauko asusun farko da ta tarar da wannan imel ta canja masa. Ga kuma mai shagon intanet da ya yi wa iyaye da dama rajista da imel ɗinsa, yanzu mabuɗin sakamakon 'ya'yan mutane yana hannunsa.

Ƙannena masu koyon wannan sana'a, abin da na gane a makare shi ne asusu daban, mutum daban. Idan da imel ake shiga, dole kada ya maimaitu, don ta nan ake dawo da kalmar sirri. To sai asusun ya zama na uba ko uwa, yaran su zauna a ƙarƙashinsa, kowa da lambar da rumbu ya ba shi. Lamba ba ta canjawa, imel kuwa yana canjawa, har yana komawa hannun wani. A 2013 Yahoo ta sake raba adiresoshin da aka shekara ba a taɓa ba. Layin waya ma haka ake yi da shi idan ya daɗe a ajiye.

Dokar kuma a rumbun ake kafa ta, kada a tsaya ga binciken cikin manhaja. Sabis ya yi nauyi, mutum ya latsa sau biyu, sai ka wayi gari da asusu tagwaye. A mayar da haruffa ƙanana kafin a adana, domin rumbun bayanai irin PostgreSQL yana ganin babban baƙi daban da ƙarami, waya kuma ta saba sa babba a farko. Gmail ba ya kula da ɗigo a cikin suna, amma ba kowane kamfanin imel ke yin haka ba, kada ku goge ɗigon kowa. A tura saƙon tabbatarwa kafin a yarda imel na mai shi ne.

Mako biyu na yi ina raba asusun nan da hannu, ni da rajistar makaranta da malamin da ya san ɗan wane ne wane. Kuɗin aikin ko na mai bai mayar mini ba.