Soja ɗaya na bayar, ban yi kuka ba

A wata gasar ces (darar Turawa) ta 'yan koyo a Kaduna aka haɗa ni da wani yaro ɗan sakandare, shi da farare, ni da baƙaƙe. Minti 15 kowa, da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane motsi.

Ya buɗe da tura soja gidan e4 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), na amsa da e5. Ya fito da doki, ya kai bishop (mai tafiya a karkace) c4, ni kuma na fito da dawakaina biyu. Sai ya cilla dokinsa g5, ya haɗa kai da bishop suna hararar f7, gidan da sarki kaɗai ke gadi. Tarrasch, wani gwanin ces ɗan Jamus, ya taɓa kushe wannan motsi a matsayin na ɗan koyo, amma har gobe yana cin mutane. Na tura d5, ya cinye.

Nan ne ramin. Hannu yana ƙaiƙayin rama ci da doki a d5, alhali in ka yi haka zai sadaukar da nasa a f7, ya jawo sarkinka tsakiyar fili ya yi ta duka. Tun ƙarshen ƙarni na 16 Polerio ɗan Italiya ya yi nazarin wannan. Na kai doki a5, na bar masa sojan.

Daga nan sai kora. Bishop ya hari sarkina daga b5, na tura c6, muka yi musayar sojoji a nan, bishop ya koma e2. Na tura h6, dokinsa ya ja baya. Na tura e4, ya sake tashi. Shi yana ta yawo da doki ɗaya, ni ina fito da mutanena. Da na jera bishop a d6 da sarauniya a c7, duk suna kallon h2, yaron bai lura ba, ya ɓoye sarkinsa a wannan ɓangaren. Na ɗauke h2. Ya dafe kai, ya ce, "Kai, Yaya!"

Abin da haddar buɗewa ba ta gaya maka shi ne dokin nan na a5 zaman kashe wando yake yi a gefe. Sai da na bi da shi ta b7 kafin ya shigo wasa, kuma kafin nan yaron ya farfaɗo, ya dinga neman musaya. Da kaya suka ragu, sojojina na a7 da c6 da ke warwatse suka zama abin gadi. Agogona ya kusa cinyewa, yaron ya miƙo hannu, muka tashi kunnen doki.