Kumburin da na ɗauka ƙiba ce

Har yau in na tuna hoton da na tura wa 'yan gidanmu ta WhatsApp sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron yana zaune a kan tabarma a ɗakinmu na Agege, kumatu sun cika, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul, ni kuma na rubuta a ƙasa wai ɗan Legas ya fara ajiye jiki. Aka yi ta turo min Masha Allah. Kwana biyu bayan nan muna kwance a asibiti.

Ɗan fari ne, don haka ku yi haƙuri, sunansa ba zai fito daga bakina ba. Yana da shekara ɗaya da wata uku na gane ina da ciki. Matan gidan hayarmu suka sa ni a gaba, wai kwanika ce, in cire shi tun bai sha ciki ba. Da a gida ne, da wurin Inna za a kai shi yaye, ta yi ta bin sa da fura da nono da kunun gyaɗa har ya manta da ni. A nan wa zan kai wa? Cikin kwana uku na raba shi da nono. Sai daga baya aka gaya min a asibiti cewa mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa in dai lafiyarta ƙalau, nonon ba ya zama guba.

Abin da ya maye gurbin nonon: koko tsinkakke da safe, shayi da burodin Agege, rabin Indomie da rana, biskit in ya yi rigima. Babansa kayan gwari yake sayarwa a kasuwar Mile 12, tumatir da tattasai ba ma rasawa, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ƙwai da kifi da madara suka zama abin lissafi a ɗakinmu. Tun da cikinsa yana cika, ni a wurina ya ci abinci. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sana'ata. Awara nake soyawa a ƙofar gida. Buhun waken suya yana jingine a bayan ƙofa, ina ciyar da 'ya'yan mutane abin da ke gina jiki, nawa ina cusa masa taliyar leda.

Da zawo ya kama shi aka ce haƙori ne, na yarda. Sati uku yana yi yana tsayawa. Gashinsa ya yi ja-ja ya yi laushi, na ce zafin gari ne. Ya daina wasa, ya daina ƙiriniya, na ce ya yi hankali. Awon nauyinsa a asibiti kuwa tun allurar ƙyanda ta wata tara ban sake komawa ba, saboda layi yana cinye min safiya guda, katin yana can ƙasan akwati. Da ƙafafun suka cika sai na yi hamdala, na ɗauki hoto.

Inna ce kaɗai ba ta ce Masha Allah ba. Ƙanena ya nuna mata hoton a ƙauyenmu, ta ce a kira mata ni.

"Ke, yaron nan yana kusa da ke? Sa babban yatsanki a bayan ƙafarsa ki danna, ki ƙirga uku, ki ɗaga."

Na danna, na ɗaga. Ramin yatsana ya zauna daram kamar na danna kwaɓin fulawa.

"Ɗayar fa?"

Ita ma haka.

"Tamowa ce. Ki ajiye tuyar nan ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba."

Na ce, "Haba Inna, tamowa a Legas?" Ta ce, "Yunwa tana tambayar sunan gari ne?" Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane a hoto abin da ni na kasa ganewa a goye a bayana, don kusan kowace damina tana ganin irinsa in rumbu ya yi ƙasa kafin kaka.

A asibiti suna da wani ɗan tsiri mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Amma ma'aikaciyar jinyar ta ce kumburin ƙafa biyu kaɗai ya isa shaida, kuma tun da ba ya karɓar abinci sai an kwantar da mu. Na zaci za a cika shi da abinci. Ina! Wata madara ce ta musamman, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu zuwa uku har cikin dare, don jikin da ya galabaita ba ya ɗaukar abinci mai yawa lokaci guda. Sai kilo ya fara raguwa maimakon ƙaruwa, hankalina ya tashi, suka ce ruwan ne yake fita. Da ya gama fita na ga ɗana na gaskiya: haƙarƙari a jere, fatar ɗuwawu ta yi yaushi kamar wandon da ya yi wa mutum yawa. Ƙibar da na yi ta nuna wa duniya ke nan.

Da aka sallame mu aka haɗa mu da abincin tamowa na 'yar leda. Na lasa don in ji, gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Gyaɗar da babanmu yake nomawa buhu-buhu.

Kada a ɗauka ina cewa ƙauye ya fi. Ƙanen nan nawa yana karatun kiwon lafiya, shi ya karanta min binciken ƙasa na 2018: yara 37 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A karkara 45 ne, a birane 27, a Arewa maso Yamma har 57. Ni ma na sani ba sai an faɗa min ba. A garinmu ƙwai da nono kasuwa ake kai su, wai in yaro ya saba da ƙwai zai yi sata, asibiti kuma sai an hau babur. Ɗan Yayata yana da shekara huɗu, in ka gan shi ka ce biyu da rabi. Sai dai lissafin birni ya haɗa 'ya'yan masu kuɗin Ikoyi da Lekki da namu na ɗaki ɗaya, masu sayen ruwa a jarka da bin layin banɗaki. A ƙauye zogale yana bayan gida, wake yana rumbu. A nan ko ganyen miya sai ka ciro kuɗi, kuma babu tsohuwar da za ta leƙo ta ce wannan kumatun ba na lafiya ba ne.

Yanzu gero nake soyawa da waken suya da gyaɗa, in kai niƙa, in dama masa da kauri yadda ba zai zubo daga cokali ba, in sa ɗan manja da dakakken busasshen kifi. Kwanonsa daban, don in san abin da ya ci. Awarar farko da ta fito daga kasko tasa ce, ba yaji. Zawo ko na yini ɗaya ne, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, in bai tsaya ba asibiti, duk mai cewa haƙori ne ta riƙe maganarta. Awo duk wata, ko da kuwa ranar zan rasa ciniki. Nauyinsa ya dawo, tsayin ne har yanzu yake bayan sa'o'insa, kuma duk sanda suka jera a tsakar gida sai na lura.

Ƙanwarsa watanta bakwai. Shekaranjiya wata mai sayen awara ta ɗaga ta tana cewa tubarkalla, wannan ta yi ɓul-ɓul. Kafin ta rufe baki na kama ƙafar yarinyar ina ƙirga uku.