Bin sawun ƙwallon Amurka a ƙananan garuruwan Ohio

Sana'ata tuƙin babbar mota ce, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, kuma yawancin lodin da nake ɗauka ba ya wuce jihar da maƙwabtanta. Ƙwallon Amurka bai taɓa shiga raina ba sai da ɗana ya shiga ƙungiyar makarantarsu ta sakandare. A wajen kallonsu ne wani dattijo, wanda jikansa ke wasa tare da yarona, ya gaya mini cewa gasar NFL ɗin nan, babbar gasar ƙwararrun wasan da ake zuba wa biliyoyin daloli, a jiharmu aka haife ta, a garuruwan da nake ratsawa kullum ba na ko waiwayarsu. Daga nan na ɗaura aniya: duk garin da lodi ya kai ni, in dai ya taɓa yin ƙungiya a zamanin da, sai na ajiye mota a bayan gari na nemi inda suka yi wasa.

Asalin wasan dai na 'yan jami'a ne. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers da Princeton suka kara a New Jersey, mutum 25 a kowane ɓangare, wasan ma ya fi kama da ƙwallon ƙafar da muka sani. A 1874 Harvard ta koyi salon zari-ruga daga jami'ar McGill ta Kanada. Sai Walter Camp na Yale ya zo ya ba abin siffarsa ta yau: a 1880 aka rage 'yan wasa zuwa 11, aka kafa layin da ɓangarorin biyu ke fuskantar juna kafin a saki ƙwallo, a 1882 kuma aka ce ƙungiya ta ci yadi 5 cikin yunƙuri 3 ko ta miƙa wa abokan hamayya. Wasan ya yi muni har aka riƙa mutuwa a fili, shi ya sa a 1905 Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba don a rage cunkoson da ke karya wuyan yara. Wannan duk yana cikin littattafai. Abin da ni nake nema shi ne ranar da kuɗi ya shigo.

Amsar tana Canton, a gidan tarihin gwarazan wasan da aka buɗe a 1963. Can na ga takardar lissafin kuɗi ta ƙungiyar Allegheny Athletic Association, inda aka rubuta cewa an biya William Heffelfinger dala 500 a hannu saboda wasa ɗaya. Ranar 12 ga Nuwamba 1892 ce, suka buga da Pittsburgh Athletic Club, shi ne kuma ya tsinci ƙwallon da ta suɓuce wa wani ya ruga da ita, aka tashi 4 da nema. Na daɗe a gaban takardar nan. Shekara da shekaru kowa ya yarda cewa John Brallier na garin Latrobe ne farkon wanda aka biya, dala 10 a 1895, saboda shi ya fito ya faɗa da bakinsa, har NFL ta karrama shi a kan haka. Heffelfinger kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru, don a zamaninsu karɓar kuɗi saboda wasa abin kunya ne ga ɗan manyan gida da ya yi Yale. Sai bayan shekara kusan 70 takardar ta ɓullo. Tun ranar na daina ɗaukar labarin da aka ba ni a gidan mai ko wurin shan shayi sai na je ɗakin karatu na garin na duba tsofaffin jaridu. Kusan kowane ƙaramin gari yana ajiye da nasa, ma'aikatan kuma suna murna in wani ya tambaya.

Tsakanin Canton da Massillon bai fi tafiyar kilomita 13 ba, amma gabar da ke tsakaninsu ita ta raini wasan kuɗi. Massillon Tigers ta fara ɗauko 'yan wasa daga waje a 1903, Canton Bulldogs ta ce ba za a bar ta a baya ba, farashi ya yi ta hawa. A 1906 aka yi zargin an sayar da wasa saboda caca. Ba a tabbatar ba, amma zargin kaɗai da bashin da ya taru suka durƙusar da harkar na wasu shekaru. Wanda ya farfaɗo da ita shi ne Jim Thorpe, ɗan ƙabilar Sac da Fox daga cikin mutanen Amurka na asali, wanda ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm aka ƙwace su bayan shekara ɗaya, wai don ya taɓa karɓar 'yan canji a wasan ƙwallon gora na Amurka (baseball). A 1915 Jack Cusack ya ɗauke shi Canton a kan dala 250 kowane wasa, mutane suka ce ya haukace, sai ga fili ya cika. Manyan ƙungiyoyin nan biyu sun mutu tuntuni, amma makarantun sakandaren garuruwan sun gaji sunayen da gabar. Filin makarantar Massillon ya fi na wasu jami'o'i girma, kuma a garin har ƙaramar ƙwallo ake kai wa jariri namiji a asibiti.

Wurin da aka kafa gasar kansa ba wani abin kallo ba ne yanzu, tsohon ginin gwamnatin tarayya ne a tsakiyar Canton da allon tunawa a jikinsa. A 1920 shagon sayar da motocin Hupmobile ne na Ralph Hay, mai Bulldogs. Ranar 17 ga Satumba masu ƙungiyoyi suka taru a ciki, kujeru ba su isa ba wasu suka zauna a matakan motoci. Damuwarsu uku ce: albashi na hawa ba kai ba gindi, ɗan wasa ya buga maka yau mako mai zuwa ka gan shi a rigar abokin gabarka, sannan ana satar ɗaliban jami'a su yi wasa da sunan bogi. Suka kira ƙungiyar tasu American Professional Football Association, suka naɗa Thorpe shugaba don sunansa ya ja jama'a, a 1922 aka mayar da ita National Football League. Ƙungiyoyi 14 suka buga kakar farko, Akron Pros ta zama zakara ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Tauraronta Fritz Pollard baƙar fata ne, a 1921 ma har ya zama ɗaya daga cikin masu horar da ita. Wannan ya ba ni mamaki, domin daga 1934 zuwa 1945 ba baƙar fata ko ɗaya a gasar, ba kuma da wata rubutacciyar doka ba, masu ƙungiyoyi ne kawai suka rufe ƙofa. Ashe ba kullum ake tafiya gaba ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne su wane ne masu ƙungiyoyin. Columbus Panhandles, ta garin da nake, ma'aikatan gyaran jirgin ƙasa ne na kamfanin Pennsylvania Railroad. Ƙashin bayanta 'yan gida ɗaya ne, zuriyar Nesser, har a 1921 Ted Nesser ya buga tare da ɗansa na cikinsa. Da yake jirgi kyauta suke hawa, yawancin wasanninsu a waje suke yi. Manajansu Joe Carr shi ya shugabanci gasar daga 1921 har rasuwarsa a 1939, ofishin NFL ma ya yi shekaru a kan titin Broad na Columbus. Dayton Triangles masana'antu uku suka ɗauki nauyinta, a filinta na Triangle Park ta doke Panhandles 14 da nema ranar 3 ga Oktoba 1920, filin yana nan har yau. Decatur Staleys ta kamfanin sitaci ce, George Halas ma'aikacinsu ne. Wanda ya girma a arewa zamanin Raccah Rovers ta Kano da DIC Bees ta Kaduna zai gane wannan tsari nan take, zai kuma gane abin da kan biyo baya ranar da mai kamfani ya gaji da asara.

Mafi ban dariya a cikinsu na same ta a LaRue, wani ƙauye arewa maso yamma da Columbus da mutanensa ba su kai dubu ba. Wani mai kiwon karnuka, Walter Lingo, ya kafa Oorang Indians a 1922, ya sa Thorpe ya jagorance ta, 'yan wasan duka mutanen Amurka na asali. Ba cin kofi ne a gabansa ba, tallar karnukansa yake yi. In an tafi hutun rabin lokaci sai 'yan wasan su fito da karnuka su nuna wa jama'a bajintarsu. Sun sha kashi a yawancin wasanni, bayan kaka biyu aka watse.

Ƙananan garuruwan nan ba ƙarfi aka fi su ba da farko. Canton ta ci kofi a 1922 da 1923. Ƙofar fili ce ta kashe su, tunda a lokacin ba talabijin, abin da aka tara a ƙofa shi ne abincin ƙungiya. A ƙarshen 1925 Red Grange ya bar jami'ar Illinois ya shiga ƙungiyar Halas, wadda ta riga ta koma Chicago ta zama Bears, suka je New York mutum wajen 70,000 suka biya kuɗi suka kalle shi. Daga ranar kowa ya san inda kasuwa take. Ƙungiyoyi 22 ne a 1926, a 1927 suka koma 12, Canton da Akron na cikin waɗanda suka fita. Portsmouth Spartans, can kudu a bakin kogin Ohio, ta shigo a 1930 da ƙarfinta, har ta buga wasan raba gardama da Bears a 1932 cikin rufaffen zaure saboda dusar ƙanƙara, a filin da bai wuce yadi 80 ba. Duk da haka a 1934 aka sayar da ita ta koma Detroit Lions. Tsohon filinta yana nan, na zagaya shi da ƙafa. Cikin 14 na farko biyu ne kacal suka rage, Bears da Cardinals, ita Cardinals ɗin ma ta yi ƙaura daga Chicago zuwa St. Louis zuwa Arizona.

Green Bay ce kaɗai ta karya wannan ƙa'ida, shi ya sa da lodi ya kai ni Wisconsin na yi ratse takanas. Ita ma da kuɗin kamfani ta fara, Curly Lambeau ya karɓo dala 500 na riguna a 1919 daga kamfanin naman gwangwani da yake wa aiki, suka shiga gasar a 1921. Ba a daɗe ba bashi ya kusa cinye ta. A 1923 'yan kasuwar garin suka sayar wa jama'a hannun jari, ƙungiya ta zama ta gari. A ganina wannan ne dalilin da ya sa tana nan sauran suka tafi: ba ta da mutum ɗaya da zai gaji, ko ya mutu, ko a yi masa tayin da zai ɗauke ta ya kai babban birni. Yau masu hannun jarin sun haura rabin miliyan, ba a raba musu riba ko sisi, takardar ma ba a cinikinta a kasuwa. Mutanen garin sun ɗan haura dubu 100, filin yana cin ɗan fiye da dubu 80, kuma gidajen zama ne a kewaye da shi, ranar wasa masu gidajen kan karɓi kuɗin fakin a kan ciyawar ƙofar gidansu.